HAWAN DUTSE ZANGO-ZANGO: SANA'AR DA KE JIRAN SAMARIN ADAMAWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Bekaji, Jimeta

Matafiyin da ya tashi daga Bekaji a cikin Jimeta, ya haye gadar Kogin Binuwai ya kama hanyar Mubi, ba zai yi nisa ba sai duwatsu su fara tarye shi. Tun daga tsallaken kogi ga Dutsen Bagale. In ya kai Song ga duwatsun nan uku da ke jere da juna, waɗanda ake kira 'Yan'uwa Mata Uku. In kuwa ya miƙe har Michika da Madagali, to, ya shiga tsaunukan Mandara ke nan. Ta kudu kuma akwai duwatsun Verre da na Alantika da na Shebshi, inda ƙololuwar Dutsen Dimlang ta kai mita 2,042, watau wajen ƙafa 6,700.

Mu da muka tashi a gindin waɗannan duwatsu ba mu ɗauke su a bakin komai ba, in ban da wurin kiwon awaki da saran itace. Amma a waɗansu ƙasashe irin wannan dutse filin wasa ne, makaranta ce, kuma hanyar cin abinci ce ga mutane masu yawa. Saboda haka yau za mu yi wa masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Inugu da Fatakwal, bayanin yadda ake hawan miƙaƙƙen dutse da igiya, da inda ake koyon abin a Nijeriya, da kuma dalilin da ya sa ya kamata mu kula da shi.

DUTSE BA BAƘONMU BA NE

Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, mutanen wannan ƙasa sun san amfanin dutse, gama shi ne garkuwarsu in yaƙi ya taso. Batawan da ke zaune a kan Bagale sun daɗe suna gagarar mayaƙan Yola, sai a zamanin Lamiɗo Lawal, ɗan Modibbo Adama, aka ci su. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a watan Yunin 1851, ya ambaci wannan dutse a labarin tafiyarsa.

A can Madagali kuwa, mutanen Sukur sun gina garinsu a kan tsauni mai tsawon fiye da mita 1,000, suka shimfiɗa hanyoyin dutse tun daga gindi har fadar sarkinsu da ake kira Hidi, suka yanka gefen tsaunin hawa-hawa suka mai da shi gonaki. Ko a nan ɗin ma ba su tsira sarai ba, domin Hakimin Madagali, Hamman Yaji, ya rubuta hare-haren kamun bayi da ya kai a yankin cikin littafin da ya ajiye daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan mulki suka tuɓe shi. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

Ku da ke zaune a ƙasar Yarbawa kun san irin wannan labari, domin a gindin Dutsen Olumo ne Egbawa suka fake wajen 1830, har aka sa wa garin suna Abeokuta, watau ƙarƙashin dutse. A ƙasar Hausa ma, samarin Kwatarkwashi ta Zamfara sun yi suna a zamanin da wajen hawan dutsensu don kamun maiki a lokacin biki.

To, amma duk wannan hawa na kakanninmu da ƙafa da hannu ne kawai, mutum da sa'arsa. Wanda ya zame sai dai a ɗauko gawa. Abin da zamani ya kawo shi ne dabarar da za ta sa mutum ya zame, amma ya tashi ya kaɗe jikinsa ya ci gaba da hawa.

YADDA ABIN YA FARO

A Ingila ana lissafa farkon wannan wasa daga 1886, lokacin da wani mai suna Haskett Smith ya hau wani tsinin dutse da ake kira Napes Needle shi kaɗai, ba ko igiya. Waɗanda suka biyo bayansa suka ga lalle rai ya fi ƙarfin a yi caca da shi, suka shiga neman dabara. Da farko sai su cusa tsakuwa a tsagar dutse, su zarga mata igiya. Daga baya, wajen shekarun 1950, suka koma tsintar noti irin na makanikai, har da waɗanda suka faɗi a gefen hanyar jirgin ƙasa, su zura musu igiya su cusa a tsaga. Daga nan ne maƙera suka fara ƙera 'yan ƙarafa musamman don wannan aiki, manya da ƙanana.

A 1953 kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da igiyar nailan mai zare a ciki da riga a waje, irin wadda ake aiki da ita har yanzu. A 1978 aka fara sayar da wani ƙarfe mai suna Friend, wanda Ray Jardine ɗan Amurka ya ƙirƙira. Shi wannan in an ja kunamarsa sai ya tsuke, in an saka shi a tsaga aka saki sai ya buɗe ya ciji dutsen, kuma ƙara jansa ƙara cizonsa.

Hawa da irin waɗannan ƙarafa shi ake kira hawan gargajiya, domin ba a huda dutse ba a kafa masa ƙusa. Mutum ya sa ƙarfensa, abokinsa ya cire, su bar dutsen kamar yadda suka same shi. Akwai wani salon kuma da ake huda dutse a kafa ƙusoshi na dindindin, akwai kuma na bangon da aka gina a cikin ɗaki, wanda ya shiga wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021. Amma ga duwatsunmu, waɗanda da yawansu akwai kushewu da wuraren al'ada a kansu, na gargajiyar ya fi dacewa.

KAMAR TAFIYAR FATAKE

Duk wanda ya ji labarin fataken goro da ke zuwa Gwanja ya riga ya fahimci rabin abin. Ayari ba ya kai Gwanja a yini ɗaya, sai zango-zango, kuma akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya. Haka hawan dogon dutse yake. Igiyar hawa tsawonta mita 50 ne ko 60, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. In dutse ya fi igiya tsawo, tilas a raba shi zango-zango.

Mutum biyu ke tafiya. Kowannensu ya ɗaura wata irin ɗamara da ke kama ƙugu da cinyoyi, ya sa hular kwano, ya sa takalmi matsattse mai ƙasan roba. Kowa ya ƙulla bakin igiyar ɗaya a ɗamararsa da wani ƙulli mai siffar lamba 8, sa'an nan kowa ya duba ƙullin ɗan'uwansa kafin a ɗaga ƙafa.

Jagaba ya fara hawa, na baya yana ƙasa yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan ta cikin wani ɗan ƙarfe da ke aikin birki. Duk inda jagaba ya ga tsaga mai kyau sai ya cusa ƙarfe, ya maƙala masa ƙugiya mai ƙofa, ya zura igiya a ciki, ya wuce. Ita wannan ƙugiya, ko da yake ba ta cika tafin hannu ba, an gwada ta tana iya ɗaukar nauyin wajen tan 2. In jagaba ya zame, na baya ya danne igiya, sai ƙarfen da aka sa na ƙarshe ya riƙe shi.

A nan akwai lissafin da kowane mai koyo zai haddace. In jagaba ya wuce ƙarfensa na ƙarshe da mita 2 sa'an nan ya faɗi, to, faɗuwar mita 4 zai yi, biyu zuwa ƙarfen, biyu a ƙasa da shi, har da ɗan ƙari saboda igiyar tana miƙewa. Wannan miƙewa ita ce ke shanye ƙarfin faɗuwar don kada ƙugu ya karye. Shi ya sa igiyar guga, ko ta ɗaurin kaya a mota, ko ta turken shanu, ba su da wurin zama a wannan aiki ko kaɗan, kome ƙarfinsu a ido.

In jagaba ya iske wani ɗan dandamali da mutum biyu za su iya tsayawa, nan ne zango. Sai ya kafa ƙarafa biyu ko uku, ko ya zagaya wani ƙaton dutse da maɗauri, ya ɗaure kansa, ya yi kira cewa ya ɗaure. Sa'an nan ya janye ragowar igiya, na baya ya taho yana cire ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Shi na baya igiya daga sama take zuwar masa, saboda haka ko ya zame ba ya yin nisa. Wannan ne ya sa sabon shiga kan iya hawan dutse mai zango huɗu ko biyar tun a kwanakinsa na farko, muddin jagabansa gwani ne. In sun haɗu a zango sai su sha ruwa, su gyara igiya, a sake sabon lale, har su kai ƙololuwa. Saukowa kuwa ko dai ta hanyar ƙafa a bayan dutsen, ko a zamo ta jikin igiya, kuma a wajen saukowar nan ma, sa'ad da gajiya ta kama mutum, akwai hatsari.

Kun saba ganin masu hawan bishiyar kwakwar manja a Kurmi da igiyar da ke zagaye da su da bishiyar. To, shi mai hawan kwakwa ransa a hannunsa yake. Mai hawan dutse kuwa ransa a hannun abokinsa yake, domin in na ƙasa ya saki igiya don ya kori ƙuda, shi ke nan. Wannan riƙon amana shi ne babban darasin wasan.

WANI DUTSE A BAKIN TEKU

Misalin da ya fi shahara na dutsen masu koyo yana Bosigran, a lardin Cornwall da ke ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Wani doron dutse ne da ya taso tun daga bakin teku, tsawonsa wajen mita 200, masu hawa kan raba shi zango bakwai ko takwas. A. W. Andrews ne ya fara hawansa a 1902. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa horar da sojojin kundumbala a kansa, har sunansu ya bi shi ana ce masa Commando Ridge. Sunan da Turawa suka ba matakin wuyarsa yana nufin mai wuya ƙwarai, alhali kuwa a ma'aunin yau yana cikin masu sauƙi, gama tun zamanin da aka sa sunayen.

Duk da sauƙin nasa, ba a fara shi sai an duba lokacin cikar teku da janyewarta, domin zangon farko yana daf da ruwa, kuma igiyar ruwa kan iya share mutum kafin ya kama dutse. Darasin da ke nan shi ne, kowane dutse da irin tasa barazanar, kuma sanin wuri ya fi ƙarfin damtse. Dutsen Bosigran irin ƙaƙƙarfan dutsen nan ne da muke yin dutsen niƙa da shi, watau irin wanda ya cika tsaunukan Mandara da na Jos. Ashe ke nan abin da Turawa ke tafiya mai nisa don su taɓa, mu a bayan gida muke da shi.

MAKARANTAR TANA NAN GIDA

Kada mai karatu ya zaci sai an je Turai ake koyon wannan abu. A Nijeriya ma a bakin teku aka faro. A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya buɗe wurin horar da samari a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe, lokacin Kudancin Kamaru yana tare da Nijeriya. Daga nan ne ƙungiyar Man O' War da kuke gani a makarantu ta samo sunanta. Ana haɗa malaman makaranta da ma'aikatan En'e da akawuna daga Arewa da Kudu, a koya musu iyo da tuƙin kwale-kwale, a kuma hau da su Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000.

Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961, sai makarantar ta dawo Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya ta zauna a duwatsun Shere kusa da Jos, inda aka san ta da Makarantar Tsauni. A can ana koyar da hawan dutse da saukowa ta igiya, kuma ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda masu yawa sun bi ta cikinta. Hukumar da ke riƙe da ita, watau Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, ta buɗe Makarantar Teku a Apapa ta Ikko, ta kuma buɗe rassa a waɗansu wurare, har da Awgu a Jihar Inugu da Kwatarkwashi a Zamfara. Saboda haka yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ba shi da nisa da ƙofar shiga.

ABIN DA ZA A KIYAYE A ƘASARMU

Mu ba mu da igiyar teku a Adamawa, amma muna da namu. Na farko shi ne rana. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan wuce digiri 40, dutse ya yi zafin da tafin hannu ba zai jure ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fara da asuba a sauko kafin rana ta take, kowa da gorar ruwansa. Da damina kuwa dutse yana santsi, ga tsawa da ke son wuri mai tudu.

Na biyu, tsagar da mai hawa ke nema don ya sa ƙarfe, ita ce ɗakin ƙudan zuma da rina da kunama da maciji. Zuma in ta taso wa mutum yana rataye a tsakiyar dutse ba shi da wurin gudu, don haka a tambayi masu cire zuma da mafarautan wurin tun kafin a hau. A gindin dutse kuma a kula da kububuwa, wadda ta yi yawa a kwarin Binuwai da na Gongola, har asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar saranta.

Na uku, ba kowane dutse ke riƙe ƙarfe ba. Ƙaƙƙarfan dutsen nan kan yi ɓawo kamar albasa saboda zafin rana da sanyin dare, sai ka ga falle mai faɗi wanda a ido lafiyayye ne, amma in ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ganga. Irin wannan a guje shi. Duwatsun bakin kwarin Binuwai kuma da yawansu yashi ne da ya daskare, suna marmashewa, balle in sun sha ruwa. Shi ya sa ba a cire hular kwano ko ana zaune a gindin dutse.

Na huɗu, dutse yana da masu shi. Kafin a hau a je a gai da jauro ko lawani ko sarkin wurin, a nemi izini, a ji inda aka hana taka wa. Na biyar kuwa shi ne tsaro. A watan Disamban 2014 'yan Boko Haram suka hau Sukur suka ƙona gidaje, har fadar Hidi ba su bari ba. Duk mai niyyar zuwa wajen Madagali da Michika sai ya nemi shawarar hukuma da ta mutanen gari tukuna.

RIBA DA HASARA

Maƙwabtanmu sun nuna cewa abin yana da riba, sun kuma nuna yadda ake hasararsa. A Rumsiki ta Kamaru, a bayan tsaunukan Mandara ɗin nan namu, baƙi sun daɗe suna zuwa kallon tsinayen duwatsu, 'yan gari suna samun na kashewa ta hanyar rakiya da masauki da sayar da kayan hannu. A Hombori ta ƙasar Mali akwai duwatsun da ake kira Hannun Fatima, masu bango miƙaƙƙe na ɗaruruwan mita, waɗanda gwanayen hawa daga Faransa da Sifen suka riƙa zuwa dominsu. Da aka sace Faransawa biyu a garin a watan Nuwamban 2011, yaƙi kuma ya ɓarke a 2012, sai baƙi suka ɗauke ƙafa, masu rakiya suka rasa abin yi.

A nan gida, duk wanda ya zauna kusa da dutse ya san yara ba sa jin hani, suna hawa neman tsuntsu ko bin rema, ba igiya ba hula. Hanin bai hana ba, to, gara a koya musu yadda ake yi. Saurayin da ya iya igiya da ƙulli kuma ba a dutse kaɗai zai ci abinci ba, domin irin wannan ilimi ne ake nema wajen hawan turakun sadarwa, da gyaran dogayen gine-gine irin na Ikko, da aikin rijiyoyin mai, da ceton wanda ya faɗa rijiya ko rami.

Saboda haka ga shawara ga ƙungiyoyin 'yan Adamawa da sauran 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don gina aji ko haƙa rijiya a gida. Ƙungiya ɗaya tana iya ɗaukar nauyin samari biyu ko uku su je Shere su sami horo, ta saya musu igiya da ɗamara da hula na ainihi daga hannun dillalin da aka sani, ba gwanjo ba, gama igiyar da ba a san tarihinta ba ba a ba ta amanar rai. Su kuma in sun dawo su fara da ƙananan duwatsu, zango ɗaya tak, igiya daga sama, sai hannu ya faɗa sa'an nan a ƙara zango. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga iyaye kuwa, in kun zo gida hutun ƙarshen shekara, wanda ya yi daidai da hunturu, ku kai yaran nan da aka haifa a Kurmi su ga Bagale da duwatsun Song da idonsu, ku gaya musu waɗanda suka zauna a kai da abin da ya hau da su. Amma kada ku bar kowa ya kama bangon dutse sai da igiyar ƙwarai da malamin da ya san aikinsa. Allah Ya kiyaye mana zuriya, Ya kawo ku gida lafiya.